Ƙofa Marar Mariƙi a Wahran

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya a goge daga cikin abin da hannuna ya aikata, ba zan tsaya tunani ba. Naushi ne guda da na yi wa Altine a baki, da turawar da na yi masa bayan naushin, da shirun da na yi daga baya.

Sunana Labbo, kafinta ne ni, mutumin Kebbe. A Tambuwal na koyi sana'a, a nan kuma nake zaune yanzu da furfurata. Altine ɗan goggona ne, mutumin Jabo, mai fenti. Taubashina ne kuma sa'ana. Tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma yana kirana ubangida marar ko akuya. Tare muka tafi Aljeriya neman aiki, kowannenmu da mata da 'ya'ya a gida, don haka ba zan ce ƙuruciya ce ta ja ni ba. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne, masu koyon aiki a shagona sun fara kawo mini hotuna a waya na irin aikin da na yi a can, suna cewa in koya musu.

Ba zan tsaya kan hamada ba. Wanda ya keta ta ya sani, wanda bai keta ba ko na faɗa ba zai gane ba. A Tamanrasset aka sauke mu a wani gida mai doguwar katanga. Mai gidan baƙar fata ne kamarmu, Hausa a bakinsa kamar ɗan Illela. Ya ce mu baƙinsa ne, ya sa aka kawo shayi. Da gari ya waye muka gane mu kaya ne. Aka jera mu a tsakar gida, aka kwashe takalmanmu, yaransa suka bi mu da tiyon ruwa suna tsula mana a baya da tafin ƙafa, wai kowa ya kira gida a aiko da abin fansa. Wani Bazabarme ya ce ba shi da kowa. Suka ɗora hannunsa kan bulo suka taka. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake durƙushe.

Da suka gaji suka shige inuwa, Altine ya jawo jiki kusa da ni, bayansa duk sawun tiyo.

Ya ce, “Ubangida, an bugi bawanka gabanka. Mi kaka jira?”

Na ce, “Jira nika yi su gama, in ɗora nawa.”

Ya yi dariya har ya riƙe haƙarƙari. Haka Altine yake a lokacin.

Bayan 'yan'uwa sun sayar da abin da suka sayar an sake mu, sai aka haɗa mu da mai motar da zai kai mu arewa. Babbar mota ce ta tumaki. A ƙarƙashin dandamalin da tumakin ke tsaye an yi wani ɓoyayyen wuri, tsayinsa bai kai mutum ya zauna ba. Aka jera mu a kwance kamar itacen wuta, aka mayar da katako, aka kora tumaki a kai. Fitsarinsu na ɗigo mana a fuska. Bazabarmen nan mai karyayyen hannu, da aka gaji aka sake shi, shi ne kusa da Altine. A hanya ya yi ta numfashi da ƙyar, daga baya ya daina. Muka yi ta dukan katako, direba bai tsaya ba. Altine ya yi sauran tafiyar kuncinsa manne da kuncin gawa, babu wurin da zai juya kansa.

Da aka buɗe mu a bayan garin Gardaya, Altine ya fito da rarrafe, ya yi nisa cikin fili, ya zauna yana kallon sama. Na je na same shi.

Ya ce, “Labbo, in na riga ka mutuwa, ka ce a bar mani 'yar taga ga kabarin.”

Na ɗauka wasa ne irin nasa. Amma tun daga ranar bai sake kwana nesa da ƙofa ba. Ko bayi ya shiga sai ya bar ƙofar a sakaye. Na sani, na gani da idona. Ku riƙe wannan.

A Gardaya wani tsoho mai shagon burodi ya gan mu muna tafiya ba takalmi a kan kwalta mai zafi. Ya shiga ciki ya fito da silifa biyu na roba, da burodi da dabino a leda, ya ajiye a bakin hanya ya koma. Ban san sunansa ba, amma har yau ina sa shi a addu'a.

Wahran gari ne na bakin teku, benaye kan benaye, mutane cunkushe. Wani ɗan Tawa da muka haɗu da shi a masallaci ya kai mu wurin wani Balarabe, Si Kaddur. Sana'arsa ita ce ya karɓi tsofaffin gidajen bene, ya yanka su ƙanana, kowane ɗaki ɗaya da ɗan wurin girki da bayi, ya gyara ya ba matasan ma'aikata haya. Ya ba ni katako da zarto ya ce in haɗa kusurwa ya gani. Na haɗa. Ya shafa da yatsa bai ji gaɓa ba, ya ce mu fara gobe. Ba mu da takarda, don haka a cikin duk ɗakin da muke gyarawa muke kwana, in an gama mu koma na gaba.

Ranar farko ya kai mu wani ɗaki da aka riga aka gama don mu ga abin da yake so. Muka shiga muka tsaya. Bango fari, ƙasa fes, taga babba ba labule, madubi dogo a gefe. Babu gado, babu kujera, babu tebur. Ko ƙusa ɗaya babu a bango.

Altine ya raɗa mini, “Allah sarki. Matar ta yi yaji, danginta sun zo sun kwashe kaya.”

Ni ma abin da na gani ke nan. A wurinmu ɗakin da ake alfahari da shi, shi ne wanda ba ka ganin bango don jere. Ɗakin Hajara matata, kwanuka da tasoshi sun kai rufi, gado mai rumfa ya cinye rabin wuri, sai ka bi a karkace kafin ka zauna. Ɗaki wayam a Kebbe alamar sata ce, ko saki, ko mutuwa.

Si Kaddur ya je ya danna bango da tafin hannu. Bangon ya buɗe, gado ya sauko da katifarsa. Ya danna wani wuri, tebur ya fito. Ya danna wani, ga kabad har rufi, da wurin tufafi da na takalma da na tsintsiya. Altine ya ja da baya yana karanta a'uziyya, Balaraben ya yi ta dariya.

Da ɗan Larabcin allo da nuni da hannu na koyi dokokinsa. Duk abin da ya taɓa ƙasa yana cin ɗaki, don haka a ɗaga shi ko a shigar da shi bango. Kabad ya tafi har rufi, kada a bar samansa ya tara ƙura da tarkace. Launi ɗaya mai haske, bango da katako duka, don ido ya wuce bai tsaya ba. Madubi ya fuskanci taga. Abu ɗaya ya yi aiki biyu: benci ya zama akwati, ƙofar kabad ta zama tebur. Ba zan yi ƙarya ba, aikin ya shiga raina. Ɗakin da bai fi rumbun gero biyu ba, in mun gama sai ka ga kamar za a yi sallar jam'i a ciki. Wani lokaci in mun share, nakan zauna a tsakiyar ɗakin ni kaɗai in ji kaina ya yi sanyi. A irin wannan zama ne kewar gida ke kama ni, in tuna ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari a gonakinmu na Fakku, in tuna furar Hajara.

A kan abu biyu muka saɓa da Si Kaddur. Kabad na farko da na yi, na sa masa mariƙi na ƙarfe mai kyau. Ya zo ya gani, ya ɗauki guduma ya fasa shi, ya jefa mini a ƙirji. Ya ce mariƙi ƙurji ne a fuskar bango. Ya ba ni wata 'yar sakata mai sifirin da ake ɗaurawa daga ciki. In ka danna ƙofar daga waje sai ta saki. In ka tura ta daga ciki, ƙara kamawa take yi. Na biyu, na so in huda 'yan ramukan iska a ƙasan ƙofa kamar yadda muke yi wa kabad a gida don kada kaya su yi wari. Ya riƙe mini hannu ya ce ko huda ɗaya ya gani, mu nemi wani aiki.

Na bi, har na fi shi son abin. Na kai inda in na haɗa ƙofa, Altine ya bi da fenti, sai Si Kaddur ya kawo masu haya ya ce su nemo ta. Su yi ta shafa bango su rasa. Ni kuwa ina gefe ina jin kaina.

Gini na ƙarshe da muka yi aiki, muna hawa na uku. A ƙasa da mu akwai wata tsohuwa, Lalla Zuhra. Duk Juma'a takan aiko mana da kuskus, abincinsu mai kama da dambu, a kwano, ta tsaya a matakala tana yi mana magana mai tsawo da ba mu ji, mu ce amin. Altine ya ce ita ce kakarsa ta Larabawa, wai ni ba ni da rabo a ciki.

Wata Juma'a da rana tsaka, bayan an sauko daga masallaci, muka ji hayaniya a titi. Na leƙa ta taga. Samarin unguwa ne, da yawa, da sanduna da rodi da sarƙar babur. Daga baya na ji wai an soki wani yaronsu da wuƙa, aka ce baƙar fata ne ya yi. Suna shiga gida gida. A gaban idona suka jawo wani ɗan Mali mai gadin gini, suka kwantar da shi a kwalta, suka yi ta dukan kansa har ƙafafunsa suka daina motsi. Wani ya ɗaga kai ya nuna tagarmu.

Ɗakin an kusa gamawa, babu abin da mutum zai ɓuya a bayansa. Mu da kanmu muka mayar da shi haka. Sai dogon kabad na gefen gado, wanda bututun ruwa ya bi ta cikinsa, faɗinsa daidai kafaɗun mutum ɗaya. Na danna ya buɗe. Na jefa injin huda katako da jakar kayan aikina a ƙasansa.

Na ce, “Shiga.”

Altine ya dubi ramin, ya dube ni. Ya ce, “Ba ni shiga.”

“Shiga, bawan banza, suna bisa matakala.”

“Labbo, ka san ba ni iyawa. Kai ka shiga. Ni su kashe ni ga fili.”

Na kama wuyan rigarsa, ya riƙe bakin kabad da hannu biyu. Ina jin ƙafafu a hawa na biyu, ana dukan ƙofofi. Sai na dunƙule hannu na nausa masa a baki da duk ƙarfina. Haƙorinsa ya yanke ni a yatsa. Hannuwansa suka saki, na tura shi ciki da kafaɗa, na mayar da ƙofa har na ji sakatar ta kama. Abin da na ji ya ce na ƙarshe shi ne, “Kada ka rufe, don Allah.”

Suka ɓalle ƙofar ɗaki. Na farko ya sauke mini rodi a kafaɗa, na ji ƙashin ya tafi. Na faɗi, suka rufe ni da ƙafa. Wani ya taka mini fuska, muƙamuƙina ya goce. Suna tambaya ina ɗayan, don sun san mu biyu ne. Na yi ta girgiza kai. Da suka rasa abin fasawa a ɗakin, haushi ya ƙara kama su. Suka fasa madubi, suka fasa taga, suka bi bango da rodi suna duka. Ina kwance ina kallo wani ya sauke rodi sau biyu a kan ƙofar kabad ɗin, daidai inda sakatar take, katakon ya lotsa. Altine bai yi ko tari ba. Suka ja ni da ƙafa, kaina na bugun matakala ɗaya bayan ɗaya.

A ƙofar gini Lalla Zuhra ta fito ba takalmi. Ta ratsa cikinsu tana zagi, ta tsaya a kaina, ta yafa mini mayafinta. Suka ja baya, don ta girmi iyayensu. Ta sa aka kawo ruwa, ta ɗaga kaina ta ba ni. Ta tambaye ni da hannu, yatsu biyu, ta naɗe ɗaya: ina ɗan'uwanka?

Na san kalmar ƙofa da Larabci. Na san kalmar bango. Ko bakina bai buɗu ba, ina da hannu ɗaya mai lafiya da zan nuna sama. Ban yi ba. Na ce a raina samarin na kusa, za su ji. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Na kuma yi lissafin cewa ni tawa ta ƙare, za a mayar da ni gida, gara ɗayanmu ya tsira da aikin da kayan aikina. Na ce gobe Si Kaddur zai zo ya buɗe. Na rufe ido na yi kamar na suma.

Masu kaki suka zo suka karɓe ni daga hannun samarin, aka ɗaure mini kafaɗa, aka haɗa ni da sauran waɗanda aka tara, aka sa mu a bas muka nufi kudu. Sai a hanya hankalina ya dawo daidai. Na tuna kaurin katakon, don ni na zaɓe shi. Na tuna babu huda ko ɗaya. Na tuna lotsawar da rodi ya yi. Sannan na tuna Si Kaddur mutum ne mai tsoron hukuma, in ya ji an kama ma'aikacinsa marar takarda ba zai kusanci ginin ba.

A wani sansani da aka sauke mu na sami wani ɗan Agadas mai jin Larabci, na yi masa bayani da karyayyen baki. Ya kai ni gaban wani jami'i. Mutumin ya saurara da kyau, ya ɗauko waya, ya ce wace unguwa, wane titi? Ban sani ba. Na yi wata da watanni a garin, daga ɗaki sai ɗaki, a bayan motar Si Kaddur. Na ce akwai gidan burodi a kusa, da masallaci mai koriyar ƙofa. Ya dube ni da tausayi ya ajiye wayar. Lambar Si Kaddur tana cikin wayata, wayar kuma tana can a farfashe a hawa na uku.

Aka ajiye mu a bakin iyaka muka taka zuwa Assamaka, garin farko a Nijar. Daga nan hannu zuwa hannu har Tambuwal. Goggo ta zo daga Jabo a bayan babur, tsohuwa da ita, ta zauna a gabana ta ce, “Ina ka baro mani Altine?”

Na ce, “Yana can yana aiki, Goggo. Lafiya lau.”

Ta ce Allah Ya yi mini albarka. Na yi damina guda da wannan albarkar a wuyana. Ba na iya shiga ɗakin Hajara in rufe ƙofa.

Bayan an yi girbi aka aiko mini cewa Altine ya dawo. Na hau babur na tafi Jabo. Na same shi a ƙarƙashin wata bishiyar bedi a bayan gida, an shimfiɗa masa tabarma a fili. Ya rame, haƙoransa biyu na gaba babu. Hannunsa na dama yana kan cinya, yatsu uku sun ƙandare sun lanƙwashe. Ya dafa ƙofar ne daga ciki lokacin da rodin ya sauka.

Na yi sallama. Ya amsa, ya ce, “Sannu da zuwa, Malam Labbo.” Bai taɓa kirana haka ba.

Shi ya ba ni labarin, a hankali, yana kallon gona. Ya ce da ƙafa ta ɗauke ya tura ƙofa, ta ƙi. Ya yi ihu har murya ta mutu. Ba wurin durƙusawa, ba wurin ɗaga gwiwa ya yi harbi, injina kuma yana ƙarƙashin ƙafarsa ba ya iya sunkuyawa ya ɗauka. Ya sa baki a tsagar da rodi ya yi yana jan iska. Ya lashi gumin bututu. Da goshi ya riƙa dukan bututun. Lalla Zuhra ta ji ƙarar a ɗakinta, ta hau da ɗanta, suka ga ɗaki wayam, babu alamar ƙofa a bango, suka ce aljanu ne suka sauka da gudu. Sai da ta sake hawa ita kaɗai, ta ga fitsari ya gangaro daga ƙarƙashin bango ya kwanta a tsakiyar tayil. Ɗanta ya sare katakon da gatari. Ita ta ɓoye shi a ɗakinta har ya iya tsayuwa.

Na ce, “Altine, ka yafe mani.”

Ya ce, “Naushin na yafe tun ina ciki. Da ba ka rufe ni ba, da sun kashe ni kamar ɗan Mali.” Ya juyo ya dube ni. “Amma tsohuwar ta ce ta ba ka ruwa. Ta ce ta tambaye ka ni, ka dube ta, ka rufe ido.”

Daga nan sai ya kira ɗiyarsa ya ce ta kawo wa baƙo fura.

Yau Altine awon hatsi yake yi a kasuwa da hannun hagu. Muna gaisawa, muna zuwa suna da jana'izar juna. Ban sake jin dariyarsa ba in ina wurin.

Ku masu koyon sana'a, ban hana ku wannan aiki ba. Gidajen haya a Sakkwato da Abuja sai ƙara ƙanƙancewa suke yi, kuma ɗaki mai sarari abu ne mai kyau. Amma ina roƙonku, duk ƙofar da mutum ko yaro zai iya shiga bayanta, ku sa mata abin buɗewa daga ciki, ku huda mata iska, ko mai gida zai kore ku. Ku masu tafiya kuma, ku san sunan titin da kuke kwana. In wata rana ran ɗan'uwanku ya rataya a kan kalma ɗaya daga bakinku, kada ku tsaya lissafi kamar yadda na tsaya. Ku faɗe ta a lokacin, ko wa ke ji.